Anti, me ya sa saƙar da na haɗa da fenti ta lalace?

Wata matashiya daga Aboabo a Kumasi ce ta aiko da tambayar: "Anti, ina wuni. Tun ina ƙarama nake saƙa hulunan jarirai da shawul, a sakandare kuma na karanta fannin zane. Na yi sha'awar haɗa su biyun, sai na zana wata mai koko a kan kyallen zane, na saƙa mata mayafi da ulu na manna da gam. Ba a daɗe ba mayafin ya zazzago, inda na shafa masa fenti ya yi tauri kamar busasshiyar ganda, bayan hoton kuma ya yi fumfuna. Wani ma cewa ya yi wannan ba zane ba ne, aikin matan gida ne. Ta ina zan gyara?"

Lafiya lau, ƙanwata. Abin da kike son yi yana yiwuwa, kuma akwai waɗanda suka yi suna da shi. Zazzagowar da taurin da kika lissafa tushensu ɗaya ne: saƙa abu ne mai motsi, fenti kuwa da ya bushe ya gama motsi. Saƙar allura biyu zare ɗaya ne da aka yi ta sarƙafa shi, kowane ido yana rataye a jikin na samansa. Idan kika tsayar da ita a bango, nauyinta yana jan idanun ƙasa a hankali, dare da rana. Ta sha danshi ta saki, ta bushe ta ɗan koma. Fenti kuwa fata ce siririya da ta daskare wuri ɗaya. Gam ɗin da kika sa bai taɓa riƙe mayafin ba, gashin zaren da ya taɓa kyallen kawai ya kama. Da nauyi ya yi aikinsa, gashin ya tsinke ya bar gam ɗin a wurin. Duba kyallen da kyau, za ki ga ɗan gashin ulu maƙale a jikin busasshen gam.

Kafin komai ki san zaren da ke hannunki, domin yawancin abin da ake sayar mana da sunan ulu a kasuwar Kejetia ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne da ake kira akirilik. Gane shi ba wuya. Yanki ɗan guntu, ki riƙe da almakashi a kan faranti, ki kunna masa ashana. Auduga tana ci da wuta da sauri, tana warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi. Ulun gaske ba ya son ci, yana warin ƙonannen gashi, ya bar ɗan baƙin dunƙule da ke murmushewa tsakanin yatsu. Na roba kuwa narkewa yake yana ɗiga da baƙin hayaƙi, ya bar ƙulli mai tauri da ba ya fashewa. Kada ki taɓa shi da zafinsa.

Amfanin wannan gwaji shi ne kowane zare da irin launin da yake karɓa. Auduga tana shan fenti da rini sosai, kuma rinin masu batik, wanda ake haɗawa da soda mai ƙuna, nata ne. Amma wannan sodar tana cinye ulun gaske, ki tsoma shi ciki ki fito da shi ya ruɓe. Ulu rini mai tsami yake so, da ruwan khal da zafin wuta kaɗan-kaɗan, ba tare da cuɗawa ba don kada ya dunƙule. Zaren roba kuwa duk waɗannan ba sa kama shi, za ki rina ki wanke ki ga ya koma yadda yake. In da shi za ki yi aiki, sayi launin da kike so tun daga kasuwa. A ganina, ga wadda za ta shafa fenti a kan saƙarta a wannan gari namu, zaren auduga ya fi. Ba ya miƙewa da yawa, asu bai damu da shi ba kamar ulu, kuma launi yana shiga cikinsa. Aibinsa shi ne nauyi, in ya saki kuma ba ya komawa, don haka sai an tallafe shi.

Batun fenti gajere ne ta wani gefen. Kada fentin mai ya taɓa zare ko ɗanyen kyalle kai tsaye. Man da ke cikinsa yana sakin tsami yayin da yake bushewa, tsamin kuma yana cin auduga har ta zama tana karyewa bayan shekaru. Shi ya sa masu zanen mai suke fara shafe kyallensu da gam na musamman da farin share fage kafin su ɗora launi. Fentin bango da ɗalibai suke saye saboda araha ma ki bar shi a kan bango, don a kan abu mai lanƙwasa tsagewa yake yana zuba. Abin da ya rage shi ne fentin akirilik na masu zane, wanda ake damawa da ruwa. Shi ma in kika labta shi da kauri, cike idanun saƙar zai yi ya haɗe su, abin da ya same ki ke nan.

Hanyar da na fi so ita ce a sa launi tun kafin a saƙa. Ki naɗe zaren auduga a bayan kujera ya zama doguwar zobe, ki ɗaure shi wuri huɗu, ki jiƙa, ki shimfiɗa a kan leda, sai ki bi shi da burushi, nan shuɗi, nan ja, nan ki bar shi fari. In ya bushe kika saƙa, launukan za su riƙa ɓullowa a wuraren da ba ki zata ba, saƙar kuma ta riƙe laushinta. Idan kuma lallai sai bayan saƙa, ki tsinka fentin ya zama ruwa-ruwa, ki haɗa da ruwan sassauta fenti na yadi da ake samu wurin masu sayar da kayan buga riguna, ki shafa siriri, ki bari ya bushe, ki sake. Akwai kuma dabarar busasshen burushi: ki ɗebi fenti kaɗan, ki goge mafi yawansa a tsumma, sannan ki shafi saman saƙar a hankali. Tudun idanu ne kaɗai zai ɗauki launi, kwarin ya zauna da launin zaren. Daga nesa sai ka ga launi biyu suna wasa, kuma wannan abu ne da fenti a kan shimfiɗaɗɗen kyalle ba zai taɓa ba ki ba. Kowace hanya kika ɗauka, saƙa ɗan guntu kamar tafin hannu ki gwada a kai tukuna, ki rataye shi mako biyu da ɗan nauyi a ƙasansa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato haɗa su. Ɗinki ake yi, ba manni ba. Da farko ki wanke saƙar, ki shimfiɗa ta a kan tawul, ki ja ta daidai girman da kike so, ki kafe gefuna da fil, ki bari ta bushe a haka. In zaren roba ne, ki riƙe dutsen guga sama da ita tururi ya ratsa ba tare da ƙarfen ya taɓa ta ba. Za ta kwanta ta daina komawa, amma ki sani wannan ba ya gyaruwa, in ta kwanta ta kwanta ke nan. Daga nan, idan saƙar ta fi faɗin tafin hannu biyu, ki yi mata shafi da akoko ko wani yadi marar miƙewa, wanda kika riga kika wanke ya gama tsukewarsa. Shafin ne zai ɗauki nauyi, saƙar ta zauna a kansa.

Sai ki gama zanen, ya bushe sarai, ki ɗora saƙar inda za ta zauna, ki yi alama da fensir. Ki huda kyallen da basilla daga gaba zuwa baya, don kada fentin ya ɓare. Ki ɗauki zaren ɗinki mai ƙarfi mai launin saƙar, ki fito daga baya, ki kama ƙafar ido ɗaya, ki koma ta rami na kusa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗinke gefe kawai a bar tsakiya, sai tsakiyar ta yi tumbi. Ki baza ɗinkin ko'ina, tazarar yatsu biyu ko uku, layin sama kuma ya fi yawa tunda shi ke ɗaukar kaya. Kada ki ja zaren har kyallen ya tattare. Idan aikin mai nauyi ne, bar kyalle ki koma katakon filawud, kafinta ya huda miki ƙananan ramuka, ki shafe katakon gaba da baya da gefuna da abin toshe katako kafin ki yi zane, saboda katako ma yana sakin tsamin da ke sa yadi ya yi ruwan ƙasa. Gam ɗin masu gyaran takalmi da na bindiga mai zafi duk ki manta da su, zafin ɗakin kwano kaɗai ya isa ya sassauta su. Gam mai kamawa nan take kuwa in ya haɗu da auduga ko ulu zafi yake fitarwa har da hayaƙi, ya kan ƙone yatsa.

Irin saƙar ma yana da tasiri. Saƙar da gabanta sumul bayanta gurza-gurza, irin ta jikin suwaita, gefenta naɗewa yake komai gugar da aka yi mata, haka halittarta take. Wadda ake saƙa kowane layi iri ɗaya gaba da baya tana kwanciya lafiya. Aikin kwarashi ya fi su duka tsayuwa, shi ya sa ya dace da abin da ake so ya fito daga jikin hoto ya tsaya da kansa. Ni kam ba kullum nake yaƙi da naɗewar gefe ba. Wani lokaci ita ce ke ba da inuwa mai kyau a kan fenti.

Mayafin mai kokonki bai mutu ba. Ɗaga shi a hankali, ki kankare busasshen gam da bakin cokali, ki fitar da hoton zuwa inuwa mai iska, ki goge fumfunar bayan da burushi mai laushi a waje, hanci a rufe. Inda fentin ya taurare ba zai yi laushi ba, ko ki sake saƙa wurin ko ki bar shi ya zama gefen mayafi mai sitati.

Fumfunar kuwa laifin bango ne da damina. Tana fara tsiro idan danshin iska ya daɗe sama da kashi 70 cikin 100, a Kumasi kuma daga Maris zuwa Yuli, sannan Satumba zuwa Nuwamba, iska takan wuce kashi 80, musamman da safe. Hoton da ya manne da bangon siminti ba ya shan iska ta baya. Ki sa ɗan guntun katako ko murfin kwalba a kusurwoyin ƙasa na firam ya ɗaga shi kaɗan, kuma ki guji bangon da ruwan sama ke duka ta waje ko wanda ke jikin banɗaki. Ƙusa da ƙananan ƙarafan sitefula suna tsatsa su ɓata yadi, abin ya fi muni a Akra saboda iskar teku, don haka nemi marasa tsatsa. Idan za ki sa a yi miki firam wurin masu aikin katako na Sokoban, ki sani katakon nan da ake kira wawa, wanda aka fi amfani da shi, ba shi da nauyi kuma da araha, amma ƙwari suna son sa. Ki tabbata busasshe ne kuma an yi masa magani, in kin ga gari-gari yana zuba a ƙasan hoto to sun shiga. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Fentin akirilik yana ɗan yin danƙo da zafi ya kama ƙura, zare kuma ya haɗiye ta. Kada ki shafa wa saƙa man ƙyalli don kare ta, manne ƙurar zai yi. Ki shimfiɗa ɗan gidan sauro a kai ki bi da injin zuƙar ƙura a ƙaramin ƙarfi, ko burushi mai laushi. Mai kuɗi yana iya sa akwatin gilashi mai zurfi, muddin gilashin bai taɓa zaren ba.

To, sai maganar wanda ya ce miki aikin matan gida ne. Ba zan ɓata lokaci a kansa ba, amma ki riƙe waɗannan. Tun 1949 gidan adana fasahar zamani na New York ya yi wa Anni Albers, masaƙiya, baje koli nata ita kaɗai. A tsakiyar shekarun 1980 Rosemarie Trockel ta Jamus ta riƙa sa inji ya saƙa mata ulu, ta ɗaure shi a firam kamar zane ta rataye a gidajen baje koli, da gangan don ta tsokani masu irin wannan magana. Faith Ringgold ta Amurka, wadda ta rasu a 2024, fenti take yi a kyalle ta kewaye shi da guntayen yadi da ɗinki, ta rubuta labari a jiki, kuma mahaifiyarta tela ce ta fara taya ta. Ba ma sai mun tafi nesa ba. El Anatsui, haifaffen Anyako a 1944, a nan Kumasi ya yi karatu kafin ya tafi koyarwa Nsukka a 1975, kuma murafan kwalba yake ɗinkewa da wayar tagulla su zama kamar ƙaton zane mai ninkewa. A 2015 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a babban baje kolin fasaha na Benis, a Italiya. Ibrahim Mahama ɗan Tamale, shi ma ya yi karatu a jami'ar Kwame Nkrumah ta nan, buhunan koko da suka tsufa suka koma ɗaukar gawayi yake haɗawa da ɗinki ya lulluɓe gine-gine. A 2024 ya lulluɓe wani sashe na ginin Barbican a Landan da yadi kimanin murabba'in mita 2,000 da ɗaruruwan mutane suka ɗinka da hannu a Tamale, da tsofaffin batakari, wato rigunan saƙi na arewacin Gana, kusan 100 a jiki. A sashen zane da sassaƙa na jami'ar kuma akwai Dorothy Amenuke, wadda aikinta na yadi da igiya da buhu ne. Ki shiga mota zuwa Ntonso a hanyar Mampong ki ga masu adinkra: launi daga ɓawon itace, hatimi daga ƙwarya, sannan a haɗa ƙyallayen da ɗinki mai launi-launi. Launi da zare a abu ɗaya ke nan, kuma ba yau aka fara ba.

Amma akwai tambayar da ta fi tasa nauyi, wadda ni zan yi miki: me zaren yake yi a hotonki da fenti ba zai iya ba? A zana mace a saƙa mata mayafi shi ne abu na farko da ke zuwa wa kowa a rai. Ba laifi ba ne, sai dai mai kallo zai ce "kai, ya yi kyau" ya wuce, domin zaren ado kawai ya zama, da kin zana mayafin da fenti ma hoton bai rasa komai ba. Dubi waɗanda na ambata. Anatsui bai yaƙi lanƙwasar aikinsa ba, har barin masu rataya yake su ninke shi yadda suka ga dama, don haka duk inda aka kai shi sabon fasali yake ɗauka. Buhun Mahama ya zo da tarihinsa a jiki, da tambarin 'yan kasuwa da baƙin gawayi da faci. Akwai wata mai fasaha a birnin Washington, Rania Hassan, da take zana hannaye da fenti, sai zaren gaske ya fito daga zanen ya zama saƙa ya miƙa zuwa wani zanen. A nan zaren ne ke haɗa mutum da mutum, cire shi ka rushe maganar.

Ke ma kina da irin wannan a kusa. Dilolin gwanjo da ake kwancewa a Kumasi da kasuwar Kantamanto ta Akra cike suke da suwaitar ƙasashen sanyi da ba mai saye a zafin nan. Ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shiga Kantamanto duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 shara suke zama. Ki sayi suwaita, ki duba ɗinkin gefenta. In an haɗa ta da sarƙar zare, za ta warware tiryan-tiryan, in kuwa yanka aka yi aka bi da injin dajiya, guntaye za ki samu. Zaren da kika warware zai fito a murɗe, yana riƙe da siffar idanun da ya zauna a ciki shekara da shekaru. Masu saƙar kaya jiƙa shi suke ya miƙe. Ke kada ki miƙar da duka, wannan murɗewar ita ce shaidar cewa wani ya taɓa sa shi a wata ƙasa. Sai dai ulun gwanjo yakan zo da ƙwan asu. Wanke shi, ya bushe, ki ɗaure a leda ki sa a firiza mako biyu, in dumso, wato ɗauke wutar lantarki, ya bari. Zaren kaɗai za ki sa, ba hoton ba, domin fenti yana tsagewa da tsananin sanyi.

Idan kuma zanen abu mai rai yana damun ki ko mutanen gida, wannan magana ce ta ki da malaminki, amma ta fuskar fasaha ba ki rasa komai ba. Aska takwas na babbar riga, dagi, zayyanar allo da ake yi wa mai sauka, zanen hular hannu, duk gadonmu ne, kuma duk tsari ne na layi da launi. Ki zana rabin aska takwas da fenti, ki ƙarasa rabin da saƙa, ki bar wurin da suka haɗu a fili kowa ya gani. Wurin haɗuwar nan shi ido ke fara nema, don haka kada ki ɓoye shi, ki yanke shawara ko launin zaren zai narke cikin na fentin ne ko kuwa za su yi karo.

In kin fara sayarwa, ki rubuta a bayan kowane aiki irin zaren da irin fentin da shekarar, da gargaɗin kada a wanke kuma kada a rataye inda rana ke duka. Ki lissafa awannin saƙa cikin kuɗin, don a nan mata da yawa suke cutar kansu, su yi farashin hoto kamar na hular jariri. Aikin da ba shi da firam naɗe shi ake yi a jikin faffaɗan bututu, fuskar tana waje, da farin yadi a tsakani, ba a ninkewa. Wajen ɗaukar hoto don Instagram ko WhatsApp kuma ki kashe fitilar waya, ki ajiye aikin kusa da taga haske ya zo masa ta gefe, ki ɗauki ɗaya gaba ɗaya, ɗaya kuma kusa-kusa a daidai inda zare ya shiga fenti.